Jita A Tsakar Gida: Iyaye, Ƙananan Yara Da Kiɗan Rok

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kazaure ko tashar motar Babura da yamma, ya ɗan tsaya kusa da rumfunan masu cajin waya, zai ji kiɗi iri-iri yana fitowa daga lasifika. Mafi yawa waƙoƙin finafinan Kano ne da na makaɗanmu na gargajiya. Amma jefi-jefi akan ji wani sauti dabam, mai kaifi, mai kuka kamar an sa wa tsarkiya wuta, watau jitar lantarki. Wani lokaci ta Buzayen Nijar ce, wani lokaci ta Turawa, wani lokaci kuma ta mawaƙan bishara na Jos. Masu ƙaunar wannan kiɗi ba su da yawa a yankinmu, amma suna nan, har a cikin ikkilisiyoyinmu. Sun fara jinsa suna samari a makarantun Kano da Zariya da Jos, ko a kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Yau ga shi sun yi aure, kowa da 'ya'ya biyu ko uku waɗanda ba su ma isa shiga firamare ba.

To, a nan ne maganar take. Maigida ya dawo daga aiki a gajiye, ya kunna abin da ransa ke so. Ɗansa mai shekara uku ya miƙe yana tsalle, ya ɗauki muciya ya rungume a ƙirji wai shi ma jita yake kaɗawa. Uban ya ji daɗi har cikin ransa. Sai uwar ta leƙo daga madafa ta ce, "Baban yara, don Allah rage abin nan, jaririya tana barci." Kakar yaran kuwa ba ragewa take so ba, kashewa take so. "Kai ɗan nan, kiɗan shaiɗanu za ka koya wa jikokina?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba haka ba ne." Daga nan sai kowa ya yi shiru, ba don an gama magana ba.

A ganina uwar ta fi kowa gaskiya a cikinsu, ko da yake ita ce ta fi kowa taƙaita magana. Za mu zo kanta. Bari mu fara da tsoron Iya, gama ba tsoron banza ba ne, sai dai ya sauka a inda bai kamata ba.

Daga ina kiɗan ya fito?

Abin da zai ba Iya mamaki shi ne, ɗaya daga cikin tushen kiɗan rok a cikin majami'a yake, kuma uwa da 'yarta ne a ciki. An haifi Rosetta Tharpe a shekarar 1915 a wani ƙaramin gari mai suna Cotton Plant, jihar Arkansas ta Amurka, a gidan baƙaƙen fata masu aikin gonar auduga. Uwarta, Katie Bell Nubin, mai wa'azi ce mai waƙa. Tun yarinyar tana shekara 6 uwar take yawo da ita wuraren taron farkawa, ana ɗora ta a gaba tana kaɗa jita. Da ta girma sai ta kama jitar lantarki tana rera waƙoƙin bishara da wani irin bugu mai ƙarfi wanda samarin da suka zo bayanta suka kwaikwaya. Waɗansu masu bi na zamaninta sun yi fushi da ita ƙwarai sa'ad da ta kai waƙoƙin nan gidajen rawa na birnin New York. Ta rasu a 1973, sai a 2018 aka shigar da sunanta cikin jerin manyan kiɗan rok da ake karramawa a Amurka. Shi ma Elvis Presley, wanda ake kira sarkin wannan kiɗi, a majami'ar Assemblies of God ta garin Tupelo ya tashi, yana ɗan shekara 11 uwarsa ta kai shi kanti aka saya masa jita. Lambobin Grammy 3 da ya ci a gasa duka na waƙoƙin bishara ne.

Ba ina cewa duk abin da ya biyo baya mai tsabta ne ba. Ƙwaya da giya da fasikanci sun hallaka mawaƙan rok da dama tun suna da ƙuruciya, Jimi Hendrix yana da shekara 27 ya mutu a 1970. Amma kayan kiɗan ba su ne suka sha ƙwayar ba. Mu ma mun san irin wannan gardama a gidanmu. Dattawan Roni, inda mishan SIM ta kafa tasha tun zamanin Turawa, za su iya tuna lokacin da Littafin Waƙoƙi kaɗai ake rerawa a sujada da muryoyin Turai, ana kallon ganga kamar kayan bori. Sai Zumuntar Mata ta shigo da tulu da caki, mawaƙan Sabon Rai suka biyo baya da nasu salon tun daga shekarun 1960, daga baya matasa suka kawo jita da piyano, mutane irin su Panam Percy Paul na Jos suka sa jitar ta zauna daram. Kowane mataki sai da aka yi gunaguni. Iya da ke tsine wa jita yau, wataƙila ita ce yarinyar da aka harara jiya don ta bugi tulu a gaban bagade.

A Nijeriya ma kiɗan ba baƙo ba ne. Bayan yaƙin basasa ƙungiyoyin rok sun cika Legas da Aba. Ofege yara ne 'yan makarantar sakandaren St. Gregory ta Legas, suna ɗalibai suka fitar da faifansu na farko a 1973. Bongos Ikwue kuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kafa ƙungiya tun yana karatu, kuma duk wanda ya kalli wasan Cock Crow at Dawn a talabijin a farkon shekarun 1980 ya san muryarsa da jitarsa.

Na kusa da mu

Amma rok ɗin da ya fi kusa da ƙofarmu daga arewa yake zuwa. Ƙaramar hukumar Babura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, hanyar da ta ratsa Kazaure kuma ita ce ta bi ta Daura ta miƙe har Damagaram. Ta waɗannan hanyoyi dabbobi da kanwa da dabino suke saukowa, ta nan kuma kiɗan jitar Buzaye ya sauko, da fari a kaset, daga baya a memorin waya. Ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen Mali ta ci lambar Grammy a 2012. Bombino, mutumin yankin Agadas, wanda aka haifa a 1980, shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu neman wannan lamba, saboda faifansa Deran na 2018. A Yamai akwai Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci.

Labarin da ya fi shafar iyaye shi ne na Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne, ba sa son kiɗan jita ko kaɗan. Yaron ya ga wani babban makaɗi, Abdallah Oumbadougou, yana wasa, abin ya shiga ransa. Da yake babu mai saya masa, sai ya sami katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa, ga shi bahago. A 2008 ya sauko Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a situdiyo, da irin gyaran murya na na'ura da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a buga su a faifai ba a lokacin, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo har suka ƙetare Sahara. Yau yana cikin fitattun masu jita na duniya, faifansa Afrique Victime ya fito a 2021, wani kuma a 2024. Haka ma Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, a jihar Tawa ɗin dai, a ɓoye ta koya da jitar yayanta, ta haɗa ta da kiɗan turmi na matan Buzaye, har ta zaga Turai da Amurka da ƙungiyarta.

Iyayen da ke ganin hani kaɗai ya isa, su dubi waɗannan biyu. An hana, ko an ɓoye, amma yaran sun koya, sai dai sun koya ba tare da babba a kusa ba. Su sun dace. Ba kowane yaro ne yake dacewa ba, gama wanda ya fita neman kiɗi a ɓoye ba kiɗin kaɗai yakan tarar a wurin ba. Uban da ke zaune da ɗansa suna sauraro tare ya riga ya sami abin da iyayen Mdou suka rasa: ya san abin da ke shiga kunnen yaron, ya kuma san daga hannun wa.

Kunnen yaro ba ya tofowa

Yanzu mu koma kan maganar uwar, wadda ta ce a rage. Haɗarin da ya fi tabbata a cikin wannan kiɗi ba aljani ba ne, ƙara ce. Rok kiɗi ne da aka gina a kan ƙarfin sauti, mai sonsa ba ya jin ya gamsu sai ganga ta daki ƙirjinsa. Can cikin kunnen mutum akwai wani ɗan gurbi mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai dubban ƙwayoyi masu ɗan gashi a kai, su ne suke karɓar motsin sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, idan ta daɗe ta kashe su. Wadda ta mutu kuwa ta mutu ke nan, ba ta tofowa kamar haƙori ko farce, kuma har yau babu allura ko ƙwayar da ke mayar da ita. Abin takaicin shi ne ba a jin zafi. A hankali jin yake raguwa, sai bayan shekaru a lura.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma ga yara an sauko da shi zuwa 75. Lissafin ba ya tafiya yadda ido ke gani: ƙarin desibel 3 kacal yana rage lokacin da rabi. A desibel 90, awa 4 ne a mako. A 100, wajen minti 20 ne a mako guda cif. Lasifikar biki da ta babban taro tana kai wa 100 ɗin nan, wanda ya tsaya a gabanta ma ya fi haka sha. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin sauraron da suke yi, shi ya sa a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗi da taro. Ramin kunnen jariri kuwa ƙarami ne, sautin da babba ya ji da dama-dama ya fi ƙarfi a wurinsa. Ga shi ba shi da bakin cewa a rage, ba shi da ƙafar tashi ya bar wurin.

Su kansu gwanayen kiɗan sun biya kuɗin wannan. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana fama da raunin ji da ƙugi a kunne. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson, mawaƙin AC/DC, cewa in bai bar hawa dandali ba zai kurmance gaba ɗaya, dole ya ajiye yawon wasan da suke tsakiyar yi. Waɗannan masu kuɗi ne, suna da likitoci da na'urori na musamman. Ɗan manomi a Gwiwa idan kunnensa ya taɓu, abin da zai fara samu shi ne bulala a makaranta, a ce ba ya jin magana, alhali kuwa maganar ce ba ta isa gare shi. Yaron da ba ya ji sosai yakan makara wajen yin magana, karatu ya yi masa wuya, a sa masa sunan daƙiƙi.

A nan kuma, 'yan'uwa, kada mu nuna maigida mai son rok da yatsa mu manta da kanmu. Ku shiga ƙananan majami'unmu ranar Lahadi. Ɗaki ne na kwano mai ɗaukar mutum 80, an jera lasifika huɗu irin na filin taro, janareta yana ruri a bayan taga, mai kula da na'ura yaro ne da ke ganin ƙarar ita ce albarkar. Su wa ke zaune a gaba? 'Yan makarantar Lahadi, a kan tabarma, dab da bakin lasifika. Mata masu goyo kuma sukan fito rawar baiko su bi ta gabanta da jarirai a baya. Awa uku na wannan kowane mako, a ƙara da bikin aure da taron Kirsimati, ya fi abin da uban ke kunnawa a gida nesa ba kusa ba. Dattawan ikkilisiya ba sa bukatar ko kwabo kafin su gyara wannan. A ɗaga lasifika sama da kan mutane, a matsar da tabarmar yara, a ba wani dattijo ikon cewa a rage kuma a rage ɗin.

Awon da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba shi ne wannan: idan kana tsaye da mutum tazarar hannu guda, sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to sautin ya yi yawa ga babba, balle yaro. Abin sawa a kunne kuwa, a ganina bai kamata ya shiga kunnen ɗan ƙasa da shekarun makaranta ba sam, domin ba ka jin abin da yake ji. Ga manyan yara, kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Idan yaro ya ce kunnensa yana ƙara bayan biki, ko ana kiransa daga baya ba ya waiwayowa, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, kada a tsaya ɗiga masa man kaɗanya ko ruwan ganye. A kai shi asibiti a nemi a tura shi wurin likitan kunne. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Me waƙar take faɗa?

Inda tsoron Iya yake da ƙafa shi ne wajen kalmomi. Yaro ɗan shekara 4 kamar jiƙaƙƙen yumɓu yake, abin da ya taɓa shi sai ya bar shaida. Zai haddace baiti da Turanci ko Buzanci bai san ma'anarsa ba, ya je ya rera a gaban baƙi. Yawancin waƙoƙin Buzaye a kan kewar gida ne da gudun hijira da fari da ƙauna da zaluncin masu mulki. Na Turawa kuwa gauraye suke, akwai masu kyau, akwai waɗanda ko babba zai ji kunyar fassara su.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Wata uwa a Amurka, Tipper Gore, matar Sanata Al Gore wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ta saya wa 'yarta mai shekara 11 faifan Purple Rain na mawaƙi Prince, sai da suka zauna sauraro ta ji batsar da ke cikin wata waƙa. Ta haɗa kai da waɗansu mata suka kafa ƙungiya a 1985, maganar ta kai har zauren majalisar dattawa, daga nan aka fara manna wa faifai takardar gargaɗi ga iyaye. Abin dariya, fim ɗin da Mdou Moctar ya fito a ciki a 2015, wanda aka ɗauka a Agadas, a kan labarin fim ɗin Purple Rain ɗin nan aka gina shi, kuma a ciki ma rigimar ɗa mai jita ce da uba mai tsanani. To su can suna da takardar gargaɗi. Memorin da aka cika maka da waƙa 500 a rumfar caji ba ya zuwa da takarda. Maigida, kai ne takardar. Ka saurari waƙa kai kaɗai tukuna, in ba ka gane harshen ba ka tambayi wanda ya gane, ka ware na yara wuri guda. Kuma sauti ya fi hoto: bidiyon waƙa sau da yawa ya fi kalmominta muni, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Sai barci da maƙwabta. Yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, kiɗi mai zafi bayan cin tuwon dare kuwa tayar da jini yake yi. A garuruwanmu katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta, mafi yawansu Musulmi ne da muka tashi tare. Uban da ya miƙa hannu ya kashe kiɗi da aka kira salla, ɗansa yana kallo, ba ya bukatar ya yi masa dogon bayani a kan zaman tare.

A ba shi a hannu

Yaron da ya rungumi muciya ba sauraro kaɗai yake nema ba, so yake ya kaɗa. Ba sai an sayi jita ba, tsadarta ma ta fi ƙarfin yawancinmu. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa Tinariwen, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya yi tasa ta farko yana yaro. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya, kuntigi kuwa ɗan gwangwani ne aka rufe da fata. Yaran ƙauyukan Roni da Gwiwa sun daɗe suna yin irin wannan da kansu, sai dai iyaye maza ba su cika zama a yi da su ba.

Aikin na yammacin Asabar guda ne. A sami gwangwanin madara ko na kifi, a dandaƙe bakinsa da guduma don kada ya yanki hannu. A huda shi a zura sanda mai santsi tsawon kamu biyu, a ɗaura tsarkiya daga wannan kai zuwa wancan, a sa ɗan guntun kara a ƙarƙashinta a kan gwangwanin ya zama jaki. Ga ƙaramin yaro zaren kamun kifi ya fi waya, gama waya in ta tsinke tana iya tsone ido. Sa'an nan a nuna masa yadda sauti ke sirancewa idan ya matsa yatsa kusa da gwangwanin, yana kauri idan ya ja baya. Ƙanwarsa a ba ta ƙwarya da tsinke biyu. Iya kuma, in aka lallashe ta, tana da tulu a ɗaka, kuma ta fi kowa a gidan sanin inda ake bugunsa.